Baba Abatcha da Takardar Gajiya

In ka taɓa shiga farar mota daga Difa zuwa Shetimari, ka ga direba ya taka birki a tsakiyar hanya, ba rami, ba shingen soja, sai don kawai ya zagi gonar tattasan wani bawan Allah, to Baba Abatcha ne ya ɗauko ka. Ba shi da na biyu.

"Dubi, dubi don Allah! Wannan tattasai ne ko ciyawar jakai? Mai gonar nan barci yake yi a bakin injin ban-ruwa!" Sai ya yi tsaki, ya sa giya, a ci gaba da tafiya. Mai gonar bai ma san an yi ba.

Ni sunana Fa'iza, sakatariya ce a biro, wato ofishin wata ƙungiyar agaji a nan Difa. Ba zan faɗi sunanta ba, don har gobe a nan nake ci. Iyayena ƴan Damagaram ne, shagon atamfa ya kawo su, ni kuwa a nan aka yanke mini cibi, shi ya sa nake jin Barbarci ko da gulmata ake yi da shi. Shekara shida muna aiki tare da Baba Abatcha, kuma ni ce na kusa halaka shi da gaisuwa. Ku bari in faɗa da bakina kafin wani ya ƙara gishiri.

A Shetimari aka haife shi, gidan manoman tattasai a bakin Kumadugu. Babansa ya so ya gaje shi, shi kuwa tun ranar da ya ga kamyon, babbar motar da ke zuwa kwasar buhuna, hankalinsa ya bar gona. Shekara goma sha takwas yana jigilar busasshen tattasai, har ta kai ko an daka barkono a ƙarƙashin hancinsa ba ya atishawa. Da fitinar ƴan bindiga ta zo, kasuwar ta kwanta, mai kamyon ya sayar da abinsa ya koma Maine. Baba Abatcha ya sa babbar rigarsa ya zo ƙofar biron nan da takardar tuƙinsa a hannu. Shef, wato shugaban biron na lokacin, ya tambaye shi ko ya san hanyar Boso. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ita ce dai ta san ni." Aka ɗauke shi a ranar.

Gaisuwarsa kuwa, kai! In ya fara "wushe, wushe" ɗinsa na Barbarci da safe, sai ya tambayi gidanku, da shagon babanka, da ƙafar kakarka da ta yi ciwo shekara uku da suka wuce. Shef ɗinmu na yanzu, Mushe Tahir (Mushe shi ne Malam da Faransanci), da ya gaji da jira, sai ya mayar da taron safe ƙarfe takwas da kwata. Ni kuma "ɗiyata" yake ce mini, in na ɓata masa rai in koma "ƴar Damagaram".

Bara, wajen ƙarshen damina, ya ɗauki mutum biyar zuwa Yebi, ta hanyar Boso, wurin rabon kaya. A hanya ya hango wata gona, ya rage gudu kamar yadda ya saba, ya fara yi mata wankin babban bargo. Wata motar haya ta wuce su. Ba ta yi nisa ba ta taka nakiyar da aka binne a hanya, ta tarwatse. Baba Abatcha ya juya da baya, ya dawo da mutanensa Difa ko ƙwarzane babu, ya wanke mota, washegari ya zo aiki da gaisuwarsa.

Mu kuwa, Allah ya yafe mana, sai muka mayar da abin wasa. Tsoro ne ya sa, na sani, amma wasa dai muka yi. "Baba, zagin tattasai ya cece mu!" "Baba, in za mu tafi gobe ka zagi gona biyu!" Ya yi dariya tare da mu. Ba wanda ya lura cewa daga ranar bai sake zagin gonar kowa ba. Taya yake dubawa sau huɗu kafin ya tashi. In an sa sunansa a tafiyar Boso, sai mota ta samu wata cuta da ba wanda ke ji sai shi. Kuma bai faɗa wa kowa komai ba, don direban da ya haura hamsin da biyar, aka ce hannunsa na rawa, wa zai sake ba shi makulli? Ban da tuƙi ba shi da wata sana'a a duniya.

Ana nan sai babban biro na Yamai ya aiko da takarda. Wai sun damu da lafiyar zuciyar ma'aikata, sun ɗauki likitar tunani, wadda ake ce wa sikolog, amma guda ɗaya ce tal ga ƙasa duka. Saboda haka kowane ma'aikaci zai amsa tambayoyi, biron da aka ga ya fi shan wuya shi za ta fara zuwa. Takardar da Faransanci take. Mushe Tahir ya ajiye mini ita a tebur ya ce, "Fa'iza, waɗanda ba su karatu ki karanta musu da Hausa, ki sa alama. Yau nake so."

Ranar Alhamis ce, ana lallen bikin Ramla ƴar ƙanwar babata, mai lalle tana jirana ƙarfe biyu. Na ɗauki kujera na zauna ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar biro, mutum ashirin da uku suka yi layi: direbobi, masu gadi, mai dafa abinci, masu aikin rabo. Na farko a layi Baba Abatcha.

Na dubi tambaya ta ɗaya. Ma'anarta, shin kana jin ƙarfinka ya ƙare har ba ka iya komai? Na ɗaga kai na ga furfurarsa. Ni Fa'iza, in dubi sa'an babana a gaban jama'a in ce masa ƙarfinka ya ƙare? Da wane bakin? Sai na ji harshena ya gyara abin da kansa.

"Baba, ina gajiya?"

"Ba gajiya, ɗiyata."

Na sa alama. Ta biyu tana tambaya ko barci yana gagararka, ko kana firgita a cikinsa. Wannan ai ta fi ta farko rashin kunya.

"An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

Ta uku, ko aiki ya yi maka nauyi. "Ina aiki?" "Aiki da godiya." Ta huɗu, ko damuwar aiki tana bin ka har gida. "Ina gida?" "Lafiya ƙalau." Ta biyar, ko akwai wani mugun abu da ka gani wanda yake ta dawo maka.

"Ina labari?"

Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya fasa. Na gani, wallahi na gani, amma idona na kan agogo.

"Sai alheri," in ji shi.

Da na ga abin yana sauri, sai na bi kowa da haka. Cikin minti arba'in na gama da mutum ashirin da uku. Tabawa mai dafa abinci har cewa ta yi, "Kai, mutanen Yamai akwai ladabi, takarda guda suka aiko don su gaishe mu." Na kai wa shef, na ruga wurin lalle, ya kuwa kama ja wur.

Sati uku bayan haka muka ji ihu daga ofishin shef. Muka ruga muna zaton kunama ce. Muka tarar da Mushe Tahir a tsaye yana rawa da kafaɗa gaban na'ura. Difa ta zo ta ɗaya! A duk ƙasar nan ba biron da ya kai mu kwanciyar hankali. Mu da ke jin ƙarar bindiga muna cin tuwo, mun doke Maraɗi, mun doke Dosso, mun doke Yamai ɗin kanta. Suka aiko da takardar yabo cikin gilashi, suka ce likitar za ta fara da Tawa, mu sai wata shekara in an ga hali.

Aka yi shagali. Shef ya sa aka kawo bandar kifi da gasasshen rago, Tabawa ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Goni maigadi ya ɗauki takardar yabon ya zagaya tsakar biro da ita a ka. Ni aka ɗora a kujera ana tafa mini, kaina ya yi wani girma. Baba Abatcha ma ya taka rawa, yana juya babbar riga. A cikin wannan murnar shef ya ɗaga kofinsa ya ce, tun da kowa garau yake, daga wata mai kamawa tafiyar Boso za ta koma sau biyu a sati, kuma Litinin ta farko ta gwanin gwanaye ce. Aka yi ta tafi. Baba Abatcha ya sunkuya ya yi godiya.

Ranar Talata na shiga kasuwa sayen kayan miya, sai na ji an riƙo mini mayafi. Na juya da masifata a baki, na ga Ya Gana ce, matar Baba Abatcha. Na durƙusa zan gaishe ta.

"Riƙe gaisuwarki," in ji ta. "Ita ce ta kawo mu nan. Ke ce kika rubuta wa Yamai mijina lafiya lau yake?"

Na ce shi ya faɗa.

"Ya faɗa! Mutumin da rabonsa da barcin kirki tun damina? In ƙofa ta bugu sai ya zabura. Abinci sai na tsaya a kansa. Da ya ji za a kawo takardar nan, kwana uku yana shirya abin da zai ce, don an ce masa ba a sa suna. Ya dawo na ce yaya, ka faɗa? Ya ce, Gana, yarinyar gaishe ni ta yi, na amsa." Ta saki mayafina. "Yanzu ya ce ko ya tuƙa ranar Litinin ya kashe ƴaƴan mutane, ko ya ajiye makulli ya zauna a gida ya mutu. Ki zaɓa masa, tun da ke ce mai alƙalami."

Na tsaya a tsakiyar ƴan tattasai kamar an watsa mini ruwan sanyi. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na bar kayan miyan a wurin.

Washegari na shiga ofishin shef na rufe ƙofa, na faɗa masa yadda na fassara takardar, tambaya bayan tambaya. Ban ambaci sunan kowa ba. Da na kai "ina labari", Mushe Tahir ya cire tabarau ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna girgiza. Na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa. Da ya ɗago ya ce, "Fa'iza, kin san na aika wa surukina hoton takardar nan?" Sai kuma dariyar ta ɗauke. Ya dubi jadawalin tafiya da ke bango, ya daɗe yana kallo. Ba wawa ba ne, ya gane. A ranar ya rubuta wa Yamai gaskiya, ya kuma ba wani direba tafiyar Litinin, wai motar Baba Abatcha za a kai gareji. Takardar yabon kuwa ya ƙi cire ta, ya ce ƙusa ta riga ta shiga bango.

Sai dai Baba Abatcha ya ɗauka korarsa aka fara. Ya san motarsa lafiyarta ƙalau. Da safe ya wuce ta gabana ya ce, "Sannu, ƴar Damagaram," bai ko tsaya ba. Gara ya mare ni.

Yamai suka yi dariya har suka gaji, sannan suka turo likitar. Madam Yasmin sunanta, wata siririya mai yawan murmushi, Hausarta ba ta wuce ta cinikin tumatir ba. Aka gyara mata ɗakin ajiya, aka sa kujeru biyu da kwalin hankici, aka rubuta a ƙofa cewa duk mai damuwa ya shigo. Kwana uku za ta yi.

Jama'a kuwa suka shiga, kowa da kowa. Ai baƙuwa ce! Goni ya shiga ya yi mata sannu da zuwa ya fito. Tabawa ta kai mata fura. Direbobi suka shiga tare su huɗu, suka tambayi mutanen Yamai, suka yi mata addu'a. Ni ina gefe ina fassara, wannan karon kalma da kalma, amma ba abin fassarawa sai "ina gajiyar hanya". Baba Abatcha ya shiga rana ta biyu, ya gaishe ta minti goma cur, ya tambayi iyayenta, ya fita. Ta juyo gare ni ta ce, "Mutum arba'in sun tambaye ni lafiyata. Ni ce aka turo wa likita?" Hankicin nan Tabawa ce ta ƙarar da shi wurin goge kofuna.

Rana ta uku na zauna ina cizon yatsa, sai na tuna yadda ake yi a gidanmu. In baƙo ya zo wurin babana da magana mai nauyi, ba ya faɗa a zaure. Zai sha ruwa, a yi hira, ya yi sallama, sai an fito rakiya, ana tafe kowa na kallon gabansa, sannan ya ce, "Af, Alhaji, dama akwai wata ƴar magana." Na ruga wurin shef na ce Baba Abatcha ne zai kai Madam filin jirgi, ni kuma zan yi rakiya. Ya buɗe baki zai tambaya, na ce, "Mushe, don Allah yau dai kar ka tambaye ni."

Daga biro zuwa filin jirgi ba wata tafiya ba ce. Madam tana gaba, ni ina baya. Muka fita gari. Na ga Baba Abatcha yana ta kallona ta madubi. Can ya rage gudu, har wani mai amalanke ya wuce mu.

"Ɗiyata," ya ce. "Dama akwai wata ƴar magana. Ki faɗa mata yadda na faɗa. Kar ki gyara."

Na ce ba zan gyara ba, Baba.

Ya fara da Hausa, can ya zarce Barbarci bai sani ba, idonsa a kan hanya. Ya ce direban motar hayar nan ya san shi, ɗan Boso ne, sun sha shan shayi tare. Ya ce da ya rage gudu a bakin gonar, yaron ya yi masa oda daga baya, shi kuma ya fito da hannu ta taga ya yi masa alama ya wuce. "Da hannun nan na ce masa wuce. Ya ɗaga mini nasa yana dariya." Ya ce kullum ya kama sitiyari sai ya ga hannun. Ya ce duk ranar da muka yi masa wasan zagin tattasai, ji yake kamar ya fita da gudu. Ya ce tsoro yake ji, shi Abatcha, tsoron hanya da tsoron a karɓe masa hanyar.

Ni kuma ina mayarwa da Faransanci, ina cewa "ni", "hannuna", "ina jin tsoro", majina tana zuba, ga hankici an bar wa Tabawa. Madam ba ta rubuta komai ba. Tambaya take yi gajera, sannan ta jira.

Ya tsayar da motar a gindin wata bishiya, ana hango shingen filin jirgin. Muna nan zaune jirginta ya taso ya bi ta kanmu. Baba Abatcha ya zabura ya ce, "Innalillahi, na sa baƙuwa ta rasa jirgi!" Madam ta leƙa ta taga ta bi shi da kallo, sannan ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ya tafi. Ƙara mini." Dariya ta kuɓuce mana mu uku, ni da hawaye shaɓe-shaɓe. Ya ƙara mata, har aka kira la'asar.

Da ya gama ya zare makullin ya riƙe a tafin hannu ya ce, "Yau ba zan iya mayar da ku gari ba." Na buga wa shef waya ya zo da kansa. Baba Abatcha ya miƙa masa makullin da hannu biyu. Mushe Tahir ya karɓa, ya tuƙa mu har biro yana cin giya kamar mai koyo, da muka sauka ya mayar masa da shi cikin aljihun riga ya ce, "Ajiye, naka ne. Ni dai kar a sake sa ni wannan wahala."

Madam Yasmin ta ƙara kwana huɗu kafin wani jirgin, kuma ba ta sake zama a ɗakin ajiya ba. Goni ya raka ta sayen katin waya, Tabawa ta raka ta kasuwa, kowa ya samu inda zai raka ta. Baba Abatcha aka ba shi hutun wata biyu da albashinsa, ya tafi Shetimari wurin ƙanensa, duk Laraba suna magana da Madam ta waya, ni ce a tsakiya. Ya dawo ya yi ƴar ƙiba, yana tuƙa mu cikin gari da Maine. Hanyar Boso dai har yanzu bai koma ba. Ya ce mini sai bayan damina. Na ce Allah ya kai mu, ban tambaye shi wace daminar ba.